Ƙwaƙwalwar ɓera ba ta jiran a kawo wuta

'Yan uwa masu shirin furojet da ɓeraye a nan Kudu, ku matso. Ni awon dofamin nake yi a ƙwaƙwalwar farin ɓera, kuma wallahi mintunan da ke bin mutuwarsa su ne duk wahalar.

Da jini ya daina kai oksijin, sai ƙwayoyin jijiya su saki dofamin ɗin da suka adana, ya malalo waje. MAO, sinadarin da ke rusa shi, ya tsaya cak, don shi sai da oksijin. Ɗan uwansa COMT kuwa ko a jikinsa, yana ta mayar da dofamin zuwa 3-MT. Kafin ka gyara safar hannu, awonka ya fara karkacewa. Shi ya sa muke fiɗa a kan ƙanƙara, hannu na rawa, sai firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili.

To makon jiya aka ɗauke wuta kwana biyu, janareta ba mai. Samfur 24 na wata 'yar uwarmu suka narke. Da kuɗin gidansu fa ta sayi ɓerayen, ta ciyar da su wata biyu.

Karo-karo muke haɗa mata. Mai hali ya same ni bayan La'asar.