Hakin Da Ba A Ci

Ranar da na shiga gida da fulawa biyu a cikin baƙar leda, Baba yana zaune a zaure yana gyaran injin ban-ruwa. Ya dubi ledojin, ya dube ni, ya ce, "Wanga fa?" Na ce fulawa ce, aikin kammala karatu zan yi da ita. Ya ce, "Ana cinai?" Na ce a'a. "Magani na?" Na ce a'a. Sai ya mayar da kai kan injinsa, ya ce, "To, haki na."

Ban ga laifinsa ba. Mu mutanen Argungu ne, kuma a gidanmu tsiro sai ya ciyar, ko ya warkar, ko ya ba da inuwa kafin a ba shi ruwa. Shinkafar da Baba ke nomawa a fadamar Rima, rani da damina, ita ta biya mini kuɗin makaranta tun daga firamare har zuwa wannan difloma. Abin da ban faɗa masa ba a ranar shi ne, da kuɗin da ya ba ni na littattafai na sayo hakin.

A bakin titi na fara ganinta, nan Birnin Kebbi, wajen wani mai sayar da fulawa. Ba furenta ya tsayar da ni ba, ganyen ne. Ɗaya ja ne wur kamar an tsoma shi a zoɓo, ɗayar kuma kore ce mai ɗorawa a gefe da ruwan hoda a tsakiya. Sunanta koliyos. Mai fulawar ya ce mini kasuwarta na da kyau amma tana jawo masa faɗa: a mota ake kawo masa ita daga inda ke da sanyi, mutane su saya da hunturu, bazara na shigowa ta ƙone, su dawo suna cewa ya cuce su. Ya ce, "Ɗan makaranta, abin nan ba ya son ranarmu." Wannan maganar ce ta zama taken aikina. Na ce bari in gwada ko za a samu wadda ke son ranarmu.

Wadda ta fara ɗaukar abin da daraja a gidan ita ce kakata, Inna. Ta shafa karan, ta ce kusurwa huɗu gare shi. Ta murza ganye ta sansana, ta ce, "Wagga ai 'yar'uwar tumuku ta, lalle kawai anka sa mata." Na yi dariya. Da na koma makaranta na duba, sai dariyar ta koma kaina. Koliyos da tumuku da rizga duk dangi ɗaya ne da ɗoɗɗoya da na'a-na'a, masu kara mai kusurwa huɗu da ganye biyu-biyu suna fuskantar juna. A shekarar 2019 ma masana tsirrai, ƙarƙashin jagorancin Alan Paton na lambun Kew da ke Landan, sun mayar da su ukun cikin zuriya ɗaya mai suna Coleus. Tumukun nan kuwa, a littattafan Turawa dankalin Hausawa ake kiransa. Abin da Inna ta gane da hanci, sai da na ƙone data kafin na tabbatar.

Ita koliyos ta ado asalinta kudu maso gabashin Asiya ne har zuwa Ostareliya. A inda babu sanyin ƙanƙara takan yi shekaru a raye. Daga tsibirin Jaba aka kai ta Turai a tsakiyar ƙarni na 19, masu lambu a Ingila suka shiga barbararta suna fitar da launi iri-iri. A zamaninmu, Jami'ar Florida ta Amurka tana da shirin kyautata irinta tun 2003 a hannun Farfesa David Clark. Duk shekara suna tsirar da dubban 'ya'ya, su zubar da kusan duka, su riƙe 'yan kaɗan masu jure rana da jinkirin fure. Sai dai zafin Florida mai laima ne. Namu na Afrilu busasshe ne, yakan haura digiri 40, ga iska mai zafi kamar daga bakin tanda. Na duba na ga babu wani dalilin da zai sa mutumin Florida ya tashi da safe yana tunanin tsakar gida a Argungu.

Aikin kansa ba shi da wuyar faɗa. A nan masu lambu sun saba da aure, wato a ɗora reshen mangwaro mai kyau a kan wani gindi. Barbara daban ce, irin wadda ake yi wa dabino: a ɗauko garin furen wannan a kai wa wancan, a jira 'ya'ya. Ja ɗin nan mai kaurin ganye na sa ta zama uwa, don na lura ba ta saurin yaushi. Mai launi uku na sa ta zama uba, don kyanta. Furen koliyos ƙarami ne ƙwarai, shuɗi-shuɗi, leɓensa na ƙasa kamar kwalekwale, a ciki mazan huɗu da macen suke kwance. Da asuba, kafin fure ya buɗe, nakan sa allura in tsaga shi, in cire mazan da hantsaki don kada ya yi wa kansa barbara. Washegari in shafa masa garin uban, in rufe da yankin tsohon gidan sauro saboda ƙudan zuma, in ɗaura jan zare. Fure ɗaya ba ya ba da ƙwaya fiye da huɗu, kowace ba ta kai ƙwayar riɗi ba.

Da kaka na yi wannan, lokacin da suka yi fure. Kuskurena na farko, ban rubuta komai ba a makon farko, na ce zan tuna. Ban tuna ba. Duk abin da na samu a makon sai da na zubar, don ban san wane ne uban wane ba. Na biyu, da na tashi shuka sai na binne irin kamar gero. Mako uku shiru. Ashe irin koliyos haske yake so kafin ya tsiro, a bisa ƙasa ake barbaɗa shi a danna kaɗan. Saura na shuka a Disamba, cikin yashi da ruɓaɓɓen taki da ƙonannen ɓuntun shinkafa. Kwana goma sha biyu suka fara leƙowa. Da suka yi ganye huɗu na dasa su ɗaya-ɗaya a ledar fiya wata, na rubuta wa kowace lamba. Guda 212 na ƙirga.

Duk wanda ya zauna ajin bayoloji ya san Gregor Mendel da waken da ya yi ta barbara a lambun majami'a a Brno, wanda ya wallafa sakamakonsa a 1866. Ni ma na zo da biro ina jiran lissafi mai tsabta irin na allo. Abin da na gani ya fi kama da kasuwar Argungu ranar bikin kamun kifi: ja, kore, mai ɗigo-ɗigo, mai zane, wasu fari fat. Na kai wa malamin da ke duba aikina littafin ina cewa ya lalace. Ya ce bai lalace ba. Mendel da tsarkakken iri ya fara, ni kuwa iyayen nawa su ma gauraye ne tun kaka da kakanni, kuma launin ganye ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da shi ba. Kore daga kulorofil yake, wanda tsiro ke haɗa abinci da shi. Ja da shunayya daga antosayanin, shi ne dai ke cikin zoɓo, kuma yana yi wa ganye garkuwa daga hasken da ya yi yawa. Inda ganye ya yi fari, babu kulorofil ke nan. Shi ya sa fararen nan, waɗanda suka fi burge ni, suka riga kowa mutuwa: ba su iya ciyar da kansu.

Ni ina Birnin Kebbi Litinin zuwa Juma'a, tsirran suna Argungu. Ƙanwata ke ba su ruwa safe da yamma, ni kuma ina biyanta da kati. Duk Juma'a bayan masallaci in shiga mota, tafiyar kimanin kilomita hamsin, in iso in tarar ko farin ƙwaro mai kama da auduga ya kama wasu, in wanke su da ruwan sabulu da na ganyen dogonyaro. Kuɗin mota ya cinye kuɗin abincina. Abokan ɗakina sun san watan da na rayu a kan garin kwaki da ƙuli-ƙuli, har suka sa mini suna Sarkin Fulawa.

A ƙarshen Maris, wata Asabar, ina ban-ruwa a ƙarƙashin rumfar zana da na yi musu, Baba ya zo ya tsaya a kaina. Rabon da ya yi maganar fulawar tun ranar farko. Ya ce, "Duka kaka reno?" Na ce duka, Baba. Ya ce, "Ba ka ce don rana kaka yi ba?" Na ce haka ne. Ya ce, "To mi suka yi cikin inuwa?"

Na rasa amsa. Gaskiyar ita ce tausayinsu nake ji. Wata huɗu ina renonsu, na san kowace da lambarta. Ya zauna a kan turmi ya ba ni labarin da ban taɓa tambayarsa ba. Kafin Faro 44 ta cika fadama, kakanmu kan zaga gona ana saura kwanaki a yi yanka, ya zaɓi zangarniyar da ta cika, wadda ba ta kwanta ba, ba ta zubar da ƙwaya ba, ya yanke ta daban ya rataye. Ita ce irin baɗi. Sauran a ci. Ya ce, "Mai iri ba shi da tausai. In ka ji tausan duka, ba ka da ko ɗaya."

Daga baya na karanta labarin Monty Jones, masanin nan ɗan Saliyo da ya jagoranci barbarar shinkafar Afirka da ta Asiya a Buwake ta Kwaddebuwa, aka samu NERICA, har ya karɓi kyautar abinci ta duniya a 2004. Kayan aikinsa sun fi na kakanmu nesa ba kusa ba, amma bayan barbara shi ma zaɓe da zubarwa ya yi ta yi shekara da shekaru.

Ban fitar da su lokaci ɗaya ba. Na fara da ranar safe, bayan mako na ƙara har azahar, sannan na yaye rumfar gaba ɗaya, ruwa kuma daidai wa daida ga kowa. Juma'ar da ta biyo baya ban so shiga gida ba. Ledoji jere, ganye ya soye kamar an zuba masa tafasasshen mai. Ƙanwata har da hawaye, wai za a ce ita ta kashe su. Kafin ruwan farko ya sauka, tara suka rage cikin 212. Huɗu sun yi saurin fure suka zama dogaye marasa ganye, na cire su. Akuyar maƙwabta ta shigo ta taimaka mini da biyu. Cikin ukun da suka rage, lamba 87 ce ta tsaya mini a rai: gajera ce mai rassa da yawa, ganyenta mai kauri irin na uwar, ja mai duhu, gefensa da siririn zane ruwan ɗorawa irin na uban. Da azahar takan sunkuya, kafin magariba ta miƙe.

In na shuka 'ya'yanta za su sake watsewa launi-launi. Don haka da reshe ake yaɗa ta, kamar rogo: a yanki tsawon yatsa, a tsoma a ruwa, cikin mako biyu saiwa ta fito. Da damina na yi talatin, ashirin da shida suka kama, kuma duk kamarsu ɗaya.

Kada wani ya ce na ce na ƙirƙiro sabon iri. Tun 2021 Najeriya tana da dokar kare haƙƙin masu ƙirƙirar irin tsirrai, kuma kafin a amsa sunan iri sai ya zama sabo, ya bambanta da waɗanda aka sani, 'ya'yan dashensa su yi kama da juna, kuma ya riƙe kamanninsa ana ta yaɗa shi. Lamba 87 bazara ɗaya kawai ta gani, a tsakar gida ɗaya. Wataƙila jurewa ce, wataƙila kuma inuwar katanga ce ta riƙa faɗo mata da la'asar ban lura ba. Haka na rubuta a babin ƙarshe na aikina.

Watan jiya na kai wa mai fulawar nan guda ɗaya ya gani. Ya juya ta, ya juya ta, ya ce in sayar masa da uwar da dashen gaba ɗaya. Kuɗin da ya faɗa sun isa in buga aikina, in yi masa bango, in biya bashin da ke kaina a shagon bakin get, har in samu canji. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Na je na faɗa wa Baba, ina zaton zai ce in karɓa tun mutumin bai farka ba, tunda haki ne. Sai ya ce, "Wa ka gani ya sai da irinai don ya ci tuwon dare?" Washegari ya auna shinkafa ya kai kasuwa, ya ba ni kuɗin bugun. A ranar na gaya masa maganar kuɗin littattafan bara. Ya ce ya sani tun tuni.

Har yanzu haki yake kiranta. Amma da na koma makon jiya na tarar an kewaye ledojin da sabuwar zana, an kuma ɗaure ƙofar da waya saboda akuya. Ƙanwata ta ce ba ita ta yi ba.

Nan da 'yan makonni za mu ajiye biro, mu tafi shekarar koyon aiki kafin masu niyyar babbar difloma su dawo. Ni a Argungu zan yi tawa, in Allah ya yarda, don in ga Afrilu na biyu. Amma gida ɗaya ba ya isa gwaji. Ina neman mutum goma cikinku, musamman 'yan Kamba, Yauri, Zuru, Jega da Sakkwato, waɗanda za su karɓi dashe ɗaya kyauta. Sharaɗi uku ne: a ajiye ta inda rana ke bugu, a ba ta ruwa safe da yamma, a ɗauki hotonta duk ranar Juma'a daga farkon Maris zuwa ruwan farko. In ta mutu ma a turo mini hoton, shi na fi buƙata. Mai so ya bar sunansa a ofishin ƙungiyar ɗalibai, ya ce saƙon Sarkin Fulawa ne.