Fata Ma Tana Da Baki

'Yar'uwa, in aka ce miki magani, na san abin da zai faɗo miki a rai: ƙwaya, ko ruwa a cokali, ko allurar nan da yara ke gani su fasa kuka. To ni yau zancen fata nake so mu yi, domin ita ma tana shan magani, sai dai ba kowanne take karɓa ba.

Allah cikin ikonSa Ya shimfiɗa wani ɗan siririn rufi a saman fatarmu, bai kai kaurin gashi ɗaya ba, amma shi ke tare ruwa da datti. Abin da ke iya ratsa shi sai mai ƙananan ƙwayoyi, wanda kuma ke narkewa cikin maiƙo. Da masana suka gane haka sai suka zuba magani a jikin filasta. Ta farko an amince da ita a Amurka a 1979, ta masu jiri da amai a mota ko jirgin ruwa, a manna a bayan kunne ta kwana uku tana aiki. A 1981 ta ciwon zuciya ta fito, a 1991 ta masu son barin taba, a 2001 kuma ta tazarar haihuwa, wadda ake sakewa duk mako. Maganin ba ya bi ta ciki balle hanta ta rage masa ƙarfi, a hankali yake tsatsafowa cikin jini, gwargwadon awon likita.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta Gambiya. Filasta ce mai ƙananan tsinaye da ido ba ya gani sosai, suna narkewa a fata su saki rigakafin ƙyanda. Da aka fitar da sakamakon gwajin a 2024, fiye da kashi 90 cikin ɗari na jariran sun samu kariya. Duk uwar da ta taɓa danne ɗanta a layin rigakafi yana tsala ihu ta san daɗin wannan labari.

Amma fa ƙofar da likita ke bi, ita man bilicin ke bi. Nan ne hankalina ke tashi wallahi. Filasta ba ta wuce tafin hannu ba, an kuma auna abin da ke cikinta. Mu kuwa mace za ta lafta mai tun daga goshi har tafin ƙafa, safe da dare, shekara da shekaru, don a ce amarya ta yi haske ko kada kishiya ta fi ta. Da yawa cikin mayukan nan akwai sitiroyid mai ƙarfi, wasu har da zaiba. Sitiroyid na sa fata ta yi sirara, nankarwa ta fito, yana iya jawo hawan jini da ciwon suga. Zaiba kuwa ƙoda take ci, tana kuma iya kaiwa ga ɗan da ke ciki ko wanda ake shayarwa. Ga zafi da rufe jiki suna ƙara wa fata sha, ke dai ki tuna ranar Afrilu a cikin hijabi.

Shi ya sa ni in an miƙo mini kwalba a gidan biki ana ta yabonta, juya ta nake yi in duba bayanta. Haɗin nan na cikin roba da ba rubutu ko ɗaya a jikinsa kuwa, sai in ce na gode, in mayar wa mai shi abinta.