Ɗaya Bayan Ɗaya

Ƙarfe biyun dare, ofis tsit sai ƙugin fanka. Sabobi uku ke riƙe da rumbun bayananmu a kan MariaDB Galera, sabon kanel na Linux kuwa ba ya kama aiki sai an kashe na'ura an kunna. Na janye ta farko, na sabunta ta. Biyu suka rage. In ɗaya ta faɗi yanzu, rinjaye ya ɓace, rumbun ya daina amsa kowa.

Jiran nan ne ya fi mini nauyi. Shayina ya huce, idona na kan allo, ta farkon da na sake kunnawa tana kwaso bayanan da suka wuce ta. Sai da ta daidaita da 'yan'uwanta na yi ajiyar zuciya, na ce bismillah, na juya ga ta biyu.