Yadda gata ya kashe mana Auduga

Muna aji biyu na ƙaramar sakandare muka fasa asusunmu muka sayi zomaye biyu. Mu 'yan biyu ne, komai tare muke yi, hatta kuɗin barka da Sallah wuri ɗaya muke zubawa. Ranar kasuwar garinmu muka nufi layin masu kaji da tattabaru, muka zaɓi wata fara tas mai jajayen idanu, da wata mai ruwan toka, duka mata. Farar muka raɗa mata Auduga, ɗayar kuma Toka. Da muka tambayi mai sayarwar abin da za mu riƙa ba su, sai ya ce, "Samari, komai ma suna ci. Dusa, ƙanzo, ganye, duk abin da ya samu. Ruwa ne dai kada ku ba su, zomo ba ya shan ruwa."

Muka riƙe wannan magana kamar karatun allo.

Auduga ba ta da tsoro. Da ta ji motsinmu za ta taso bakin keji, ta ɗora ƙafafun gaba a kan waya, hanci na rawa. Saboda haka ita ce 'yar lele. Burodin karin kumallonmu da ita muke ci, haka biskit ɗin da muka rage daga makaranta, da ragowar tuwon dare. Karas kuwa ba a magana, don mun ga Bugs Bunny a talabijin kullum da karas a hannu, muka ɗauka shi ne tuwon zomaye. Toka ita gudunmu take yi. Idan muka sake su a tsakar gida da yamma, sai ta lallaɓa ƙarƙashin rumfar ragon Baba tana tsintar harawa da busasshiyar ciyawar da ta zubo. Sau da yawa mun kama ta tana shan ruwa a kaskon kaji, mu kore ta, wai kada ya yi mata illa.

Cikin bazara, ana tsananin zafi, muka dawo daga makaranta wata Laraba muka tarar Auduga ba ta taso ba. Ta takure a lungu, idanu a lumshe, tana cizon haƙora a hankali. Mun miƙa mata karas, ta kau da kai. Cikinta ya yi tauri kamar ganga. Sai a lokacin muka tuna cewa kwana biyu ke nan kashinta ya ƙanƙance, ranar kuma babu ko ɗaya a gefen da take kwana. Muka ce bari mu ga gobe. Da muka fito daga sallar asuba muka same ta a miƙe, ta sandare.

Kaka ta dube mu muna haƙa rami a bayan gida, muna share hawaye a ɓoye don kada a ce maza na kuka a kan zomo. Ta ce, "'Yan biyuna, gata ne ya yi mata yawa. Wadda kuka ƙi kulawa ga ta can tana tsalle." Ranar mun ji haushin maganar. Da Litinin ta zo muka kai wa malaminmu na aikin gona labari, shi ma bai lallashe mu ba. Ya saurara har muka gama, sannan ya tambaye mu, "A cikin duk abin da kuka lissafa, ina ciyawa?" Muka ce, "Malam, ai ciyawa ta awaki ce." Ya yi dariya, ya ɗauki alli ya zana mana hanjin zomo a kan allo. Abin da ya fara koya mana ranar, wanda muka ƙara fahimta yanzu da muka shiga jami'a, shi ne muke so mu isar wa ƙannenmu masu kiwon zomo a gida.

Zomon da muke kiwo ba shi ne zomon dajin da ke cikin tatsuniyoyinmu ba. Asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal ne, inda kakanninsa suke rayuwa a ramuka, suna fitowa da magariba da asuba su yi kiwon ciyawa. An halicci jikinsa ne don ya ci abinci mai tauri, mai yawa, marar maiƙo, kusan ba hutawa. A wurin da ƙaramin hanjinsa ya haɗu da babba akwai wata babbar jaka da ake kira sikam, cike da ƙwayoyin bakteriya masu amfani. Su ne suke narka masa ciyawa. Zaren nan mai tauri da ke cikin ciyawa, wanda malaman kimiyya ke kira faiba, shi ke tura abinci gaba a cikin hanji. Idan faiba ta yi ƙaranci, sitaci da sukari suka yi yawa, kamar yadda suke a burodi da biskit da tuwo, sai hanjin ya rage motsi, ƙwayoyin da ke cikin jakar su rikice, iska ta taru. Ga shi zomo ba ya iya amai, abin da ya shiga sai dai ya fita ta baya. Rashin ruwa kuma yana busar da abin da ke cikin hanjin, ya ƙara tsayar da shi. Auduga duk ta haɗa waɗannan, kuma da hannunmu muka haɗa mata.

Akwai wani abu da ya ba mu ƙyama da farko, daga baya ya ba mu mamaki. Kashin zomo iri biyu ne. Akwai busasshen nan mai kama da ƙwayar wake da muke sharewa, akwai kuma wani mai laushi, a cure kamar 'ya'yan inabi, wanda yake fitarwa galibi da dare ko da sassafe ya cinye nan take. Ba ƙazanta ba ce. Ta haka yake samun furotin da wasu sinadaran bitamin da bakteriyar cikinsa suka haɗa masa. In ka fara ganin irin wannan mai laushi a warwatse a keji, ko ya manne masa a gindi, yawanci alama ce abincin da kake ba shi ya yi daɗi da yawa.

Sai haƙora. Zomo yana da 28, kuma dukansu ba sa daina tsiro har ya mutu. Na gaba sukan ƙaru da kamar milimita 2 a mako. Taunar ciyawa ce take goge su. Zomon da aka saba masa da abinci mai laushi turamensa sukan yi tsini su yanke masa harshe ko kumatu, ka ga yana dalalar da miyau, yana son ci amma ya kasa.

To me muka koma ba Toka? Busasshiyar ciyawa ce gaba da komai, kusan kashi 80 cikin 100 na abin da take ci. Ba ma awo da sikeli: kullum mukan tara mata tuli kamar girman jikinta, kuma ba ma bari wurin ya zama wayam, dare ko rana. Da kaka mukan yanki kyasuwa da sauran ciyawa mu shanya a inuwa, mu ɗaure dami-dami mu ɗora a kan rumfa, don rani ba ya tausayin mai kiwo. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kyau ƙwarai, musamman ga zomo mai tasowa ko uwa mai shayarwa, don suna da furotin sosai. Amma ga babbar zomanya da ba ta aikin komai sai kwanciya, harawa zalla takan sa ƙiba, kuma sinadarin kalsiyam da ke cikinta yana da yawa, har ka ga fitsarin ya yi kauri kamar an dama alli. Shi ya sa muke gauraya ta da ciyawa.

Bayan wannan sai ɗanyen ganye, cike da hannu safe da yamma. Ganyen dankalin Hausa ta fi so, sai ganyen karas, wanda masu kayan gwari ke yankewa su zubar, mu kuma mu roƙa a ba mu kyauta. Mukan haɗa da zogale ko latas. Kabeji da alayyahu kaɗan-kaɗan muke sakawa, ba kullum ba. Shi karas ɗin kansa, da kankana da ayaba, sun zama kamar alewa: yanki ɗaya kamar kan babban yatsa, sau ɗaya ko biyu a mako. Dusa ma ba mu yanke ta gaba ɗaya ba, amma daga cikin kwano ta koma cokali biyu a rana. Wanda yake da halin sayen abincin zomo na kamfani, wanda ake kira pelet, shi ma haka zai yi, ɗan kaɗan ne, ba ya maye gurbin ciyawa. Kuma a shinshina dusa kafin a zuba. In ta yi fumfuna ko tana warin ruɓa, juji ne wurinta.

Mun sake yin kuskure guda, shi ma ya kusa ja mana. Da ruwan farko ya sauka, sabuwar ciyawa ta fito kore shar, muka ciko buhu muka juye wa Toka, muna murna ta huta da busasshe. Washegari sai zawo. Allah Ya taimaka muka janye ɗanyen, muka bar mata busasshiya da ruwa, ta warware. Bakteriyar cikin zomo ba sa son sauyin gaggawa. Duk sabon abinci ana shigar da shi ne a hankali, cikin mako ɗaya zuwa biyu. Tun daga nan, in muka yanko ɗanyar ciyawa mukan baza ta a inuwa ta sha iska, raɓa ta bushe, kafin mu ba ta. Ba ma yanka a bakin kwata ko gefen titi, ko a gonar da aka yi wa feshin magani. Akwai kuma abin da ko kusa da keji ba ya zuwa: tumfafiya, zurma, albasa, tafarnuwa, ganyen dankalin Turawa, ganyen tumatir da fiya.

Maganar ruwa ita ta fi ci mana rai, don har yau muna jin yara suna maimaita ta a unguwa. Zomo yana shan ruwa, yana sha da yawa ma. Mai nauyin kilo 2 yakan iya shanye kusan rabin ledar fiya wata a rana idan ana zafi, mai shayarwa kuma ta fi haka. Wanda ake ciyarwa da ɗanyen ganye zalla yakan rage sha, don ganyen na ɗauke da ruwa. Muna jin daga nan camfin ya samo asali. Mu kasko mai nauyi muka samo, wanda ba za ta iya kifarwa ba, muna wankewa muna sauya ruwan safe da yamma. Kejin ma muka janye shi daga jikin katangar da rana ke duka, don zafin da ya haura digiri 30 yana wahalar da zomo, ga shi ba ya gumi kamar mu; ta kunnuwansa yake rage zafin jiki.

Abin da ya fi tsaya mana a zuciya shi ne kalmar nan da muka faɗa, "bari mu ga gobe." Zomo dabba ce da ake farauta, saboda haka yana ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsa. In ya yi awa 12 bai ci ba, ko bai yi kashi ba, ba a jiran gobe. A nemi likitan dabbobi ko malamin dabbobi mafi kusa a ranar. Ba a kuma ɗura masa ragowar maganin mutane ko na kaji, don wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su amoksisilin, suna kashe bakteriyar cikinsa masu amfani, su tafi da shi.

Zomon da ya samu kulawa yakan yi shekara 8 zuwa 12. Toka tana cikin ta bakwai yanzu, ta rage tsalle, amma har yau ba ta yarda a ɗauke ta. Da za mu taho makaranta muka damƙa ta a hannun ƙanwarmu, wadda take aji ɗaya a sakandare. Duk Juma'a in muka kira gida, bayan mun gaisa da Baba da Umma, sai a miƙa mata waya. "Yaya, na zuba ciyawa, na sauya ruwa," take cewa tun kafin mu tambaya. Mu kuma mu ce, "Kashin fa? Manya ne ko ƙanana?" Sai mu jiyo Kaka daga gefe tana cewa a kashe wayar nan, kuɗin kati ba na zancen kashin zomo ba ne.