DAJIN DA KE KWANCE ƘARƘASHIN GONA

Akwai wani dattijo a Safo, cikin ƙasar Madarumfa. Gonarsa tana kan tudu, nesa kaɗan da gulbin Maraɗi. Wanda ya bi ta wurin da rani zai ga gawo da kalgo da sabara da magarya tsaye cikinta. Ko ɗaya ba shi ya dasa ba. Ga yadda abin ya faru.

A shekarar 1984 yana magidanci sabon aure. Ruwa ya ɗauke, hatsi ya ƙone. Ita ce yunwar da ake kira El-Buhari, don a lokacin ne Najeriya ta rufe iyakarta. Gonar da ya gada fili ce fetal. Kowace bazara yakan yi sassabe irin na iyaye. Ya sare duk wani toho, ya tara, ya sa wuta. A wancan zamani gona mai tsabta ita ce shaidar manomin kirki. Ga shi kuma doka ta sa itace a hannun gwamnati. Sai mutum ya ce: don me zan yi renon abin da ba nawa ba?

In ya yi shuka, iska ta kwaso rairayi ta binne hatsin. Sai ya sake shuka, sau biyu, sau uku. Matarsa takan yi rabin yini wajen neman itacen girki. In ba ta samu ba, ta ƙona kara da kashin shanu, wato takin da ya kamata ya koma gona. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Babu. Ƙasa ta mutu."

Ashe ƙasa ba ta mutu ba. A shekarar 1983 wani malamin gona mutumin Ostiraliya, Toni Rinaudo, yana aiki a jihar Maraɗi. Ya daɗe yana dashen itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. Wata rana ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi. Ya dubi wani ɗan toho a bakin gona. Ya gane ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare. Kututturensa yana da rai, saiwarsa ta yi nisa cikin ƙasa. Irinsa kuwa ba su ƙirguwa cikin gonaki. Daji ne sukutum kwance a ƙasa, ana aske shi kowace shekara. Daga nan aka fara abin da ake kira sassaben zamani.

Mutumin Safo ya ji labarin a kasuwar Maraɗi. Ya koma gida ya zagaya gonarsa yana ƙirga kututture. Ya yi ta ƙirga har lissafi ya ɓace masa. Ya ce a ransa: "Shekara nawa ina kukan babu, ina taka dukiya da ƙafata?"

Da bazara ta zo ya wasa gatarinsa. A kowane kututture ya zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi ya bari. Ya sare sauran. Ya rage ƙananan rassan gindi. Ya ɗaura tsumma don a san da mai shi.

Yayansa ya zo ya tsaya a bakin gonar ya ce: "Kai yaro, gona kake yi ko daji? Inuwa za ta kashe hatsi, tsuntsaye su cinye saura. Za ka sa a yi wa gidanmu dariya."

Ya ce: "Yaya, na bi hanyar da muka sani, ga rumbu babu kome. Bari in gwada wannan a rabin gona. In na faɗi, rabi na rasa."

An yi dariyar kuwa. Wasu suka ce rago ne, ya kasa sassabe. Da rani aka shiga gonar da dare aka sare masa kusan rabin rassan. Ya yi kwana biyu ba ya son magana. Amma da ya koma ya ga kututturen sun sake toho. Ya ce tun da su ba su gaji ba, shi ma ba zai gaji ba.

A shekara ta uku matarsa ta fara samun itacen girki a gonarsu. Iska ta rage ƙarfi, shuka ɗaya ta tsaya. Ganyen da ya zuba ya zama taki. Gawo ya nuna halinsa: yakan zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa hatsi rana. Da rani kuma ya yi ganye da ƴaƴa, lokacin da dabbobi ba su da abinci. Hatsin gindin gawo ya fi na ko'ina tsawo.

Da ya samu, bai ɓoye ba. Ya kira maƙwabtansa ya nuna musu yadda ake yi. Ya san gona ɗaya mai itace a tsakiyar fili, ita ɓarawo zai nufa, kuma ita kaɗai ba ta tare iska. Samun maƙwabci samunsa ne. Bayan girbi ya je wurin makiyaya ya ce su sauka a gonarsa. Dabbobinsu su ci ƴaƴan gawo da kalgo, amma kada a sare kan itace. Su sun samu abinci, shi ya samu taki. Inda ake tsoron faɗa sai aka yi zumunci.

Yana da shekara hamsin ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Aka ce ya tsufa. Ya ce kai ma kamar gona yake, akwai saiwa a ciki. Da ya iya haɗa baƙaƙe bai jira hannunsa ya yi kyau ba. Ya sayi littafin rubutu. Ya rubuta sunan kowane itacen gonarsa, da amfaninsa, da lokacin da ake rage shi. Rubutun a karkace yake, da kurakurai. Duk da haka ya tashi gaban aji ya karanta. Ƴan ajin suka ƙara masa abin da suka sani, wasu suka kwafa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ba shi kaɗai ba ne. Masu bincike da suka duba hotunan sama sun ce manoman Nijar sun rayar da wajen hekta miliyan 5, da itace kusan miliyan 200, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram. A shekarar 2018 aka ba Toni Rinaudo babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, tare da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso. A shekarar 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka mai ba manomi iko kan itacen da ya rena a gonarsa.

Dattijon ba ya cewa talauci ƙarya ne. Ya ga yunwa da idonsa. Abin da yake gaya wa samari shi ne: kafin mutum ya ce babu, ya fara ƙirga abin da ke hannunsa. Sa'an nan ya gwada, ko da a rabin gona ne, ko da za a yi dariya.

Duk manomin da zai fita sassabe bana, ya tsaya kafin ya sa gatari. Ya dubi kututturen da ke gabansa tukuna.