Daga Jiratawa zuwa Tibiri: Lakar da Gulbin Maraɗi ke Bar Mana

Gulbin Maraɗi baƙon damina ne. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa madatsar Jibiya, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya bi ta Jiratawa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa gulbin Rima. 'Yan watanni yake gudu. Kaka na shiga sai ya janye, ya bar yashi da laka. Wannan lakar ce ta fito da ni cikin rani, lokacin da mutum ke iya taka tsakiyar gulbin da ƙafarsa, na bi hanyar da ruwan ke bi daga kudu zuwa arewa.

Jiratawa na fara sauka. Tun farkon shekarun 1980 aka shimfiɗa gandun noman rani a nan, fiye da hekta 500, ana jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa da injuna. Ko'ina ka duba kore ne: zogale, albasa, tumatir, masara, barkono. Na iske wani dattijo yana gyaran kwami, na ce, "Baba, sannu da aiki," ya amsa, ya kai ni bakin gonarsa inda ya haƙa rami. A bangon ramin ƙasa ta jeru hawa-hawa: farin yashi kamar kamu ɗaya, sai baƙar laka siririya, sai yashi kuma, sai wata lakar mai kauri. Ya nuna min mai kaurin, ya ce ta shekarar da gulbi ya yi ambaliya ce. Na murtsuke ta a yatsa, ga santsi, ga danƙo.

Wannan danƙon shi ne albarkar fadama, shi ne kuma abin tsoro. Yashi ba ya riƙe komai, ruwa ya wuce ta cikinsa ya tafi. Laka kuwa tana kama duk abin da ya raɓe ta, taki ne ko guba. Dalmar tsohon batir, sinadarin kuromiyam na jima irin ta zamani, ragowar wasu magungunan feshi, in suka shiga ruwa ba sa nisa sai su manne wa laka su kwanta. Ruwa na iya washewa a sha, alhali ƙasan na riƙe da abin shekara da shekaru. A gefen kwamin kuwa na ga kwalaben maganin ƙwari da aka yar, wasu babu ko takarda a jikinsu, irin waɗanda ake saye a kasuwa bisa shawarar mai sayarwa kawai.

Daga nan na hau kabu-kabu zuwa Maraɗi. Tsohon garin a cikin kwari yake, har ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hau tudu. Wato yau birnin yana sama, gulbi yana ƙasa, kuma duk abin da birni ya zubar gangara yake. Na bi wata magudana daga wajen kasuwa har inda ta ɓulle ta gefen tsofaffin unguwanni. A hanya na wuce garejin da baƙin mai ya jiƙe ƙasarsa, da wurin masu fasa batir, da juji inda ake ƙona tarkace. A bakin magudanar lakar baƙa ce wuluk, tana wari, leda ta saƙe cikinta, duk da dokar hana leda da Nijar ta kafa a 2014. Kusa da wurin yara na buga ƙwallo ba takalmi, wasu samari na loda yashi a amalanke, gaba kaɗan ga garkar salati.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wani mai amalanken shanu da na gani yana kwasar dattin da aka yashe daga magudana zai kai gona. A wurinsa taki ne na kyauta, kuma ba shi da laifi, haka aka saba. Amma jujin da kakanninmu suka sani toka ce da kashin dabbobi. Na yau da fasasshen batir da fenti da ƙonanniyar roba a ciki.

Ido ba ya yanke hukunci a wannan magana. Baƙar laka na iya zama ruɓaɓɓen ganye kawai, wadda ta fi kyan gani kuma ta zama mai dafi. Awo ne ke raba gardama, kuma hanyarsa sananniya ce. Ana kafa bututu a ƙasan gulbi a zaro laka da hawanta, na sama shi ne na bana, na ƙasa na shekarun baya. A ɗebo daga inda gulbi ya shigo ƙasa, da bakin kowace magudanar birni, da bayan gari, a kwatanta. A haɗa da ganyen zogale da salati, da ruwan rijiyoyin fadama, da kifin tafkin Madarunfa. Akwai ma na'urar hannu da ke nuna yawan dalma a ƙasa nan take. Masu ilimin aikin ba daga nesa za a nemo su ba: ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a cikin gari, ga cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna, a bakin gulbin kansa.

Da la'asar na isa Tibiri, birnin Gobirawa da aka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Nan ba sai an yi wa kowa dogon bayani kan guba marar launi ba. Daga 1985 garin ya shafe shekaru kusan 15 yana shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai ɗauke da sinadarin fuloraid ninki uku zuwa huɗu na miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Ruwan garau yake, ba wari ba ɗaci. Sai da haƙoran yara suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe, sannan aka farga. Dubban yara abin ya shafa, kuma a 2002 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na FIDH da ANDDH suka fitar da rahoto a kai. Waɗannan yaran yau magidanta ne da iyaye mata, wasu na tafiya da sanda. Gubar Tibiri daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ta fito, ba daga gulbi ba, amma darasin ɗaya ne: awon da ba a yi da wuri a ɗakin gwaji ba, a jikin yara ake karanta sakamakonsa.

Haka aka gani a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400. Can ne kuma aka nuna cewa gyara mai yiwuwa ne. A ƙauyuka irin su Bagega an kankare saman ƙasar gidaje, aka binne ta a ramuka na musamman, aka zuba sabuwa.

Gurɓatacciyar laka hanya uku ake bi da ita: a kwashe, ko a rufe ta da ƙasa mai tsabta, ko a bar ta ana sa ido in motsa ta zai fi illa. A Amurka kamfanin General Electric ya yi daga 2009 zuwa 2015 yana yasar irin wannan laka daga kogin Hudson da jiragen ruwa, da kuɗi fiye da dala biliyan ɗaya. Mu Allah ya sauƙaƙa mana, gulbinmu da kansa yake ƙafewa. Da shebur da tifa za a iya kwashe wuraren da awo ya nuna, a yayyafa ruwa don ƙura, a kai rami mai shimfiɗa can kan tudu, nesa da rijiyoyi. Sai dai duk wannan aikin baban giwa ne muddin magudana na ci gaba da kawo sabo. Dole a fara da tattara baƙin mai da tsofaffin batura, da gina ramukan da datti zai kwanta kafin ruwa ya kai gulbi.

Kuma tunda gulbin na ƙasa biyu ne, yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwa tsakanin Nijar da Najeriya, wadda ta ambaci wannan gulbi, ya kamata ta tashi daga maganar yawan ruwa kaɗai ta haɗa da tsabtarsa.

Roƙona ga hukumomin birnin Maraɗi da ma'aikatar muhalli da jami'a shi ne a yi awon nan cikin rani ɗaya, kafin ruwa ya dawo, a karanta sakamakon da Hausa a gidajen rediyo. In lakar lafiya lau take, manomin Jiratawa ya samu hujjar tallata zogalensa. In akwai matsala, a san wurin, a killace shi, a kwashe.