Gasar da injina ke karawa, mutane na kallo daga nesa

Mu da muke aikin rediyo mun san cewa rabin sana'armu shi ne ara ma wanda ba ya wurin ido. Ko kokowar takobi ce ko ƙwallon ƙafa, muna faɗin wa ya kama wa, muna bari ihun fili ya shiga makirho, mai saurare a ƙauye ya ji kamar yana zaune a gaba. To yau ga wata gasa da ba ta da fili, ba ta da ihu, ƴan wasanta ma ba su numfashi, kuma duk da haka mutane na kwana suna kallonta a intanet.

Wasan shi ne eshek, darar nan mai gida 64, kowane ɓangare da ƴaƴa 16. Masu karawar kuma manhajojin kwamfuta ne. Abin ya daɗe: tun 1974 aka yi gasar duniya ta farko ta injina a birnin Stockholm na Suwidin, manhajar Tarayyar Sobiyet mai suna Kaissa ta ci. A 1997 kuma, a New York, injin Deep Blue na kamfanin IBM ya doke zakaran duniya Garry Kasparov da maki 3½ da 2½. Yau babu ɗan Adam da zai iya ja da manyan injina, sai aka bar su suna karawa da junansu.

Gasar da ta fi suna ita ce TCEC, wadda Martin Thoresen ya ƙirƙiro a 2010. In ka buɗe shafinta a wayarka, za ka ga allon wasa, da agogon kowane inji, da jerin motsin da kowanne ke hasashen za a yi nan gaba, sai wata lamba da ke hawa da sauka. Lambar nan ita ce ran kallon. In ta nuna 0.00, injin na ganin kunnen doki ne. In ta nuna +1.00, a al'ada ana cewa fari ya fi baƙi da kamar soja guda. Wasan ƙarshe kan kai karawa 100. Da yake injinan sun ƙware har suna yawan yin canjaras, masu shiryawa ne ke zaɓar musu motsin farko, wanda ya ɗan karkata gefe guda, sannan a buga shi sau biyu, kowa ya riƙe fari sau ɗaya. Adalci ke nan, ba mai cewa an ba shi gefen rana.

Inda abin ke daɗi shi ne in injinan biyu suka saɓa. Stockfish na lissafa miliyoyin matsayi cikin daƙiƙa guda. Leela Chess Zero, wadda aka fara a 2018 bisa hanyar AlphaZero, ta koyi wasan ne ta hanyar karawa da kanta, kuma lissafinta bai kai yawan na Stockfish ba. Sai ka ga ɗaya ya ce babu komai, ɗayar ta ce ta riga ta ci, a kan allo guda. Dole wani ya yi kuskure, kuma sai bayan awoyi za a san ko wane ne. A 2019 Leela ta doke Stockfish a wasan ƙarshe da maki 53½ da 46½. A 2020 Stockfish shi ma ya ɗauki wata dabarar koyo, ya sake ƙarfi.

Amma fa ga abin da muka lura da shi. Lambar na gaya maka wa ke gaba, ba ta gaya maka dalili. Injin zai ba da dokinsa kyauta, lamba ta haura, kai kana zaune baki buɗe. Shi ya sa ƴan kallo ke ta muhawara a gefen allon, kuma shi ya sa ake bin bidiyon ƙwararrun da ke zama bayan wasa suna warware shi motsi bayan motsi. Injin ya iya wasa, amma labarin wasan har yanzu a bakin mutum yake.

Wannan ya shafe mu. Yaro a Tasawa ko Birnin Ƙonni, in yana da waya da ɗan rezo, zai iya kallon wasan da ya fi na kowane zakara, Stockfish ɗin ma kyauta ake sauke shi. Sai dai bayanin kusan duka da Ingilishi yake. In ba a samu mai fassara masa da Hausa ba, lamba kawai zai riƙa bi, ya daina tambayar me ya sa.

Don haka muna kira ga malamai da ɗalibai masu buga eshek a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai: ku ɗauki wasa guda daga cikin waɗannan, ku rufe lambar, ku yi hasashen motsi na gaba da kanku, sannan ku naɗi bayanin da muryarku ku tura ma ƙannenku. Wanda ya yi, ya aiko mana mu ji.